Wasan kwaikwayon yara na 6 ga Maris, a bani shawara

Malama, unguwar Nima a Accra: Salam yan uwa, yan aji na zasu yi wasan kwaikwayo ranar bikin yancin Gana amma kowa sarki yake so ya fito, ba mai son rike labule, yaya zanyi dasu don Allah?

Baba, Mamobi: Wa alaikumus salam Malama, ki basu waka daya su rera tare, kowa da baitinsa, in daya yayi shiru wakar ta tsaya, da kansu zasu fara gyara ma juna.

Anti, Sabon Zongo: Gaskiyar Baba. Kuma basai kin je nesa ba, ga wakar raino, ga kirarin masu talla a kasuwa, yara su tambayo kakanninsu a gida su kawo.

Malama: Madalla, na gode, Asabar zamu gwada insha Allah.