Malaman Bayoloji, me kuka ce ranar da ɗalibi ya tambaye ku ko daga biri muka fito?

Malam Sani, Kano: Assalamu alaikum. Makon jiya na shiga darasin asalin ɗan Adam da 'yan aji shida. Ban gama rubuta sunan Darwin, masanin da ya shahara da ra'ayin juyin halitta, a allo ba wani yaro ya ɗaga hannu: "Malam, to ina Annabi Adamu?" Ya kuka yi da irin wannan?

Malama Hadiza, Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Ni da gyara nake farawa. Masana ba su ce biri ya haifi mutum ba, cewa suka yi mutum da birin chimpanzi kakansu ɗaya tun shekaru miliyan 6 zuwa 7. Nakan ce musu wajibi ne su san abin da masanan suka faɗa da hujjarsu, batun aƙida kuwa su kai wa malamansu na Islamiyya. Ba na hana yaro tambaya.

Malam Abdulkarim, Injamena: Mu a Chadi maganar a ƙofar gida take. A 2001 aka tono ƙoƙon kan Toumaï, wata tsohuwar halitta da ake zaton tana cikin kakannin ɗan Adam, a hamadar Jurab, an ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Na kai hotonsa aji, na nuna musu ramin da laka ke fita a gindin ƙoƙon, wanda ya matso gaba kamar na mai tafiya da ƙafa biyu. Sannan na gaya musu su kansu masanan ba su daidaita ba: a 2020 wasu suka duba ƙashin cinyar da aka samu a wurin suka ce ba na mai tafiya a miƙe ba ne, a 2022 wasu suka ce na mai tafiya a miƙe ne. Jin haka ya sa yaran suka saki jiki, suka yi ta gardama har aka kaɗa ƙararrawa.

Malam Isa, Maraɗi: Tawa ta fi zafi. Na yi bayanin Neyandatal, wani jinsin mutanen da, waɗanda suka shuɗe kimanin shekaru 40,000 da suka wuce, na ce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na ƙwayoyin halittar Turawa da mutanen Asiya daga Neyandatal suka gada. Washegari mahaifin wata yarinya ya zo a fusace. Na ba shi kujera, na buɗe masa littafin manhajar, muka karanta tare. Bai gamsu ba, amma ya bar 'yarsa a ajin.

Malam Sani, Kano: Na gode ƙwarai. Malam Abdulkarim, don Allah turo mini hoton nan kafin Litinin.