Yadda za a rage wa babur ɗin ƙanƙara ƙarfi saboda iyali

Baban Khalifa, Sudbury:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da babur ɗin ƙanƙara, wato abin hawa mai inji da ake tuƙawa a kan dusar ƙanƙara, ƙirar Ski-Doo mai inji 850 E-TEC, wanda ƙarfinsa ya kai doki 165, ga shi kuma uwargida da yarona mai shekara 13 sun nuna sha'awar koyon tuƙi a hunturun bana. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni, ko akwai hanyar da za a rage masa ƙarfi ba tare da an illata injin ba.

Injiniya, Winnipeg:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Kamfanin yana da makulli na musamman domin 'yan koyo, wanda dila yake saitawa a kwamfuta don kada gudu ya wuce kilomita 40 ko 70 a awa, komai matsa totur ɗin da mutum ya yi. Sai dai an yi wannan tsari ne a wani rukunin injinan Ski-Doo da ake kira ACE, irin su 600 da 900, waɗanda totur ɗinsu na lantarki ne, alhali naka waya ce take jan totur. Saboda haka kada ka sa rai da makullin kafin ka kai wa dila lambar babur ɗin ya duba.

Kawu, Duluth:
Ni dabarar da na yi wa jikokina ita ce sanya ɗan guntun roba mai tauri a bayan maɓallin totur, na ɗaure shi tamau, ta yadda babban yatsa ba zai iya danna shi ya wuce rabi ba. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma cire shi ba ya ɗaukar lokaci.

Injiniya:
Kawu, Allah ya ƙara girma, dabarar tana aiki, amma ina da ja a kanta idan ana maganar wannan inji. Rabin totur a kan doki 165 ya isa ya fizge yaro daga sitiyari, domin kuloci ba ya kama bel sai inji ya ɗauki zuga sosai, sannan babur ya zabura a lokaci guda. Idan kuma aka toshe totur ɗin fiye da kima, bel zai riƙa zamewa yana zafi har ka ji ƙaurin roba. Ga kuma batun sanyaya inji: dusar da ƙafar babur, wato faffaɗar robar da take juyawa tana tura shi, take watsawa a ƙarƙashi ita ce take sanyaya ruwansa, don haka doguwar tafiya a hankali kan hanyar da ta daskare tana iya sa shi ya ɗau zafi.

Maman Yusra, Thunder Bay:
Yaya, ku yi mini haƙuri in shigo. Duk an tsaya kan gudu, an bar nauyi. Babur ɗin ya haura kilo 200, kuma a kwana sai mai tuƙi ya karkata jikinsa ya danne shi, abin da ɗan shekara 13 ba shi da jikin yi. Mu da muka tashi koya wa 'yarmu, Polaris Indy EVO muka saya na hannu, wanda tun daga kamfani aka ƙayyade gudunsa a kilomita 80 a awa, kujerarsa kuma ƙasa-ƙasa ce, maɓallin totur ɗin daidai ƙaramin hannu. Ski-Doo ma suna da Neo mai doki 40. Kada kuma a manta da doka: a lardin Ontario na Kanada, inda Sudbury take, yaro daga shekara 12 sai ya yi kwas ya karɓi lasisin babur ɗin ƙanƙara kafin ya hau hanyoyin da aka ware, inda iyakar gudu take kilomita 50 a awa.

Kawu:
Gaskiyarki, 'yata. Nawa ƙaramin inji ne mai fanka, shi ya sa robar ta wadatar. Abin da zan ƙara shi ne igiyar kashe inji, wadda take kashe babur idan mai tuƙi ya faɗo, a maƙala ta a rigar yaro duk lokacin da zai hau, tare da hular kwano daidai kansa, ba ta babansa ba.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da yi wa Khalifa rajistar kwas ɗin, babban babur kuma zai zauna a hannuna. Maman Yusra, don Allah ki tambayar mini maigida ko Indy EVO ɗin naku yana iya ɗaukar babban mutum, domin ina so uwargida ma ta koya a kansa.