Hoton Titi da Kyamarar Fim: Kuɗin Ɗalibi Ba Zai Kai Duka Ba

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen zane-zane, kuma an ba mu aikin da za mu miƙa a ƙarshen zangon karatu, nan da wata uku: hotuna 12 na rayuwar titi, waɗanda malamin ya sharɗanta a ɗauke su da fim, a kuma haɗo masa da nagatif ɗinsu. Kawuna ya bar mini lensin Pentax mai milimita 50, amma babu jikin kyamarar. Kuɗin da na tara zai isa ɗaya daga cikin biyu ne kawai. Ko dai in sayi Pentax K1000 wadda aka gyara aka gwada, in riƙa kai fim wurin masu wanki, ko kuma in sayi jikin kyamara mai arha wanda ba a gwada ba, da ragowar kuɗin in sayi tankin wanki da sinadarai in riƙa wanke baƙi-da-fari da kaina. Ɗakin kwanan da nake ciki ba ni kaɗai ba ne, don haka babu inda zan mayar ɗakin duhu. Ina roƙon waɗanda suka bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan su faɗa mini abin da suka gani.

Mai Lensi Biyu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka nemi Canon AE-1. Ta fito a 1976, kuma abin da ya sa take da daɗin koyo shi ne kai za ka zaɓi saurin labule, wato tsawon lokacin da haske zai shiga ya taɓa fim, ita kuma ta zaɓa maka faɗin kafar haske, wanda hakan ke rage wa mutum tunani a lokacin da abu ke faruwa a gabansa cikin hanzari. Da ita na koya, kuma lokacin da na sayi tawa ta fi K1000 arha nesa ba kusa ba.

Ɗan Dijital:
Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce fim ba ya koya wa sabon shiga komai da sauri, domin sai bayan mako guda zai ga kuskuren da ya yi, alhali ya riga ya manta yadda hasken yake a ranar. Ka sayi tsohuwar kyamarar dijital, ka ɗauki hotuna dubu, daga baya ka waiwayi fim.

Malamar Ɗakin Duhu:
Da alama ku biyun ba ku karanta tambayar yaron nan har ƙarshe ba. Malaminsa nagatif ya nema, kuma lensin Pentax ba ya hawa jikin Canon, domin bakinsu ba ɗaya ba ne. Bayan haka, labulen AE-1 ba ya motsi idan batir ya mutu, ita kuwa K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, ma'aunin haskenta ne kawai ke buƙatar batir. Ɗana, wankin baƙi-da-fari ba ya buƙatar ɗakin duhu. Baƙar jaka ce mai hannuwa biyu za ka zura hannunka ciki, ka naɗa fim a kan ƙarfen ko robar tanki da lalube, ka rufe, sauran aikin duka a cikin haske ake yin sa. Fim ɗin Ilford HP5 a cikin sinadarin wanki na ID-11 da ba a sirka ba minti bakwai da rabi yake ɗauka a zafin digiri 20 na Celsius. Abin da ɗalibaina suka fi shan wahala a kai shi ne riƙe ruwan a digiri 20 idan ɗaki ya yi zafi, da kuma ƙurar da ke manne wa fim lokacin da aka rataye shi ya bushe.

Mai Jakar Fata:
Duk wanda ya ce ka miƙa fim ɗinka ga masu wanki, ka tambaye shi ko ya taɓa rasa aikin zango guda a hannunsu. Irin wannan aikin aka ba ni a shekarata ta ƙarshe. Na zaɓi wani dattijo mai gyaran agogo a bakin titi, na yi ta zama kusa da teburinsa har ya daina gyara zama idan ya gan ni da kyamara, wanda duk mai ɗaukar hoton titi ya san wannan ne abin da ake jira. Akwai ranar da ya saka gilashin dubawa a ido ɗaya, wata yarinya ta leƙo ta ƙarƙashin hannunsa tana kallon cikin agogon, hasken la'asar ya faɗo daidai kan yatsunsa. Na san na samu hoton a lokacin da na danna. Saboda ƙarancin kuɗi na tara duk naɗin Tri-X, fim baƙi-da-fari na Kodak, da na ɗauka, na kai su gaba ɗaya saura kwanaki kaɗan a miƙa aiki, na kuma rubuta a jikin kowane gwangwani cewa baƙi-da-fari ne. Da na koma karɓa, sai aka miƙo mini fim fes kamar ledar da ba a taɓa rubutu a kanta ba. Yaron da ke aiki a wurin ya zuba su cikin injin wankin fim mai launi. Mai shagon ya ce kyamarata ce ba ta ɗauka ba, daga baya ya ce zai ba ni sabon fim a madadin wanda ya lalace, kamar dai fim ɗin ne abin da na rasa. Na koma wurin dattijon na tarar ya tashi daga wurin, kuma sai da na maimaita kwas ɗin.

Tsohon Mai Hoto:
Allah ya mayar maka da alheri. Amma ina da tambaya ɗaya kafin a yanke wa mai shago hukunci. A gefen fim, kusa da ramukan da haƙoran kyamara ke kamawa, akwai lambobi da sunan kamfani da aka buga da haske tun daga masana'anta. Idan ka ɗaga fim ɗin ka ga wannan rubutu ya fito baƙi sosai amma gurbin hotunan fari ne, to wanki ya yi daidai, haske ne bai taɓa fim ɗin ba, wato ko dai labule bai buɗe ba ko kuma harshen fim bai kama ba tun wajen sakawa. Na ga wannan ya faru da mutane da yawa, su zo suna zagin mai wanki alhali ba su taɓa lura ko maƙallin mayar da fim yana juyawa lokacin da suke ja ba.

Mai Jakar Fata:
Baba, babu rubutu ko ɗaya a gefen. Har yau fim ɗin yana wurina.

Malamar Ɗakin Duhu:
To wannan ya wanke kyamararsa. Hoton baƙi-da-fari azurfa ce, kuma wankin C-41, wato wankin fim mai launi, yana da matakin da ke narkar da azurfar ya fitar da ita, domin a fim mai launi rini ne ke zama hoton. Idan aka saka Tri-X a ciki babu abin da zai rage. Wanda dole sai ya kai wa masu injin launi, ya sayi Ilford XP2, wanda baƙi-da-fari ne amma an yi shi don wankin C-41.

Ɗan Kallo:
Ni dai na samo hanyar da babu mai wankin da zai cuce ni. Garry Winogrand, wanda ake koyar da hotunansa na titunan Amurka, ya rasu a 1984 ya bar naɗi kusan 2,500 da ba a wanke ba. Nawa ba su kai haka ba tukuna, amma suna cikin firiji, kuma tunda babu wanda ya gan su, ina da yaƙinin cewa duk sun yi kyau.

Mai Lissafi:
A koma kan kuɗi, tunda shi aka tambaya. A lissafin da na yi wa kaina, tanki da jaka da ma'aunin zafi da sinadarai sun mayar da kuɗinsu kafin in kai naɗi goma. Na kuma koma sayen fim mai tsawon ƙafa 100, wanda ke ba da naɗi kusan 18 masu hoto 36, ina yankawa da kaina, sai kuɗin kowane naɗi ya sauko zuwa kusan rabi.

Mai Lensi Biyu:
Rabi a ina? Na gwada, kuma bayan na sayi na'urar naɗawa da gwangwanayen da ake sake amfani da su, ragin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, ga kuma wani gwangwani da ya ja wa naɗi guda layi daga farko har ƙarshe. Batun sinadarai ma ba haka yake ba. Sinadarin wanki na D-76 da aka haɗa wata shida yake yi a cikakkiyar kwalba, wata biyu idan ta koma rabi. Ɗalibin da ke wanke naɗi ɗaya a wata zai zubar da fiye da abin da ya yi amfani da shi. Ni ban mayar da kuɗin tankina ba a shekarar farko.

Mai Lissafi:
Shi ya sa ake sayen sinadarin Rodinal, wanda ake ɗiban kaɗan a sirka a lokacin wanki, kwalbar kuma ta yi shekaru. Tun 1891 ake sayar da shi. Sannan maganarka ta cewa AE-1 ta fi K1000 arha, ni akasin haka na tarar lokacin da na nema.

Tsohon Mai Hoto:
Ina wanke fim tun kafin a haifi wasunku, kuma abin da zan gaya wa yaron nan shi ne kada ya koyi abu biyu a zango ɗaya. Tsayawa a titi ka ɗaga kyamara a fuskar wanda ba ka sani ba ilimi ne mai zaman kansa, wanki ma haka. Kyamarar da ba a gwada ba kuwa, soson da ke tare haske a bakin murfinta ya riga ya narke ya zama danƙo, kuma ba zai sani ba sai ya ga jan zane ko farin tabo a kan hotunansa.

Mai Jakar Fata:
Baba, da girmamawa, kai mai wanki ne, don haka dole ka tura shi wurin masu wanki. Kuma hoton da ka yi rayuwarka kana ɗauka na cikin shago ne, inda mutum ke zama a kujera ya jira ka. Shawarar wanda ya rasa aikinsa a titi ta fi dacewa da wannan tambaya.

Tsohon Mai Hoto:
Wanda ya ajiye aikin zango guda bai wanke ko naɗi ɗaya don gwaji ba, ban ga yadda shawararsa ta fi tawa ba. Da ka kai musu ɗaya tun farko, da ɗaya ka rasa.

Malamar Ɗakin Duhu:
Ku yi haƙuri da juna. Ɗana, ko wace hanya ka bi, ga abin da zai yi maka amfani da lensin da kake da shi. Da fim mai lamba 400, wato lambar saurin kama haskensa, a rana tsaka, ka sa kafar haske a f/16 da sauri 1/500, ko f/11 da 1/1000, wanda shi ne iyakar saurin K1000. Idan ka tsayar da lensin milimita 50 a kan mita 5 da f/11, duk abin da ke tsakanin kimanin mita 3 zuwa sama da mita 12 zai fito sarai, ba sai ka tsaya kana murɗa lensi mutumin yana kallon ka ba. Idan ka shiga inuwa ka buɗe kafar da mataki biyu ko uku. Henri Cartier-Bresson da milimita 50 ya yi yawancin aikinsa, saboda haka kada wani ya ce maka lensin kawunka ya yi matsi. Ƙarar madubin K1000 kuma ana jin ta, don haka ka shirya yin murmushi da bayani, kuma wanda ya ce ba ya so ka sauke kyamara.

Ɗan Kallo:
Amfanin fim a nan shi ne, idan mutum ya ce ka goge hotonsa, sai ka nuna masa bayan kyamarar ku tsaya kuna kallon baƙin murfinta tare, tunda babu allon nuna hoto.

Ɗan Dijital:
Abin da ba wanda ya ambata shi ne ko ya wanke da kansa, sai ya kai nagatif ɗin a yi masa sikanin ko a buga, wato ya koma hannun mutanen da ake gudu. Wurin da nake kaiwa suna ba da hoto ƙarami a kuɗin farko, wanda bai wuce kallo a waya ba, sai ka nemi babba su ce sai ka sake biya.

Mai Jakar Fata:
Wannan ma da sauƙi. Yanzu wasu ba sa mayar maka da nagatif sai ka roƙa. Sun saba da masu karɓar hoto ta waya su tafi, don haka bayan 'yan makonni sai su zubar. Wani abokina ya koma neman nasa don ya buga babba, aka ce masa an share ɗakin ajiya.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai da duk bayanan nan, kuma na rubuta lambobin da Malama ta bayar. Sai dai har yanzu ban gane ba, tsakanin kyamarar da aka gwada da tankin wanki, wanne zan fara saya, ganin cewa mai sayar da K1000 ɗin ya ce ba zai ajiye mini ita fiye da wannan makon ba.

Mai Lissafi:
Game da zubar da nagatif, ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne yankan. Na karɓi nawa na tarar an yanka shi hoto huɗu-huɗu, alhali takardun ajiyata masu ɗaukar shida ne, kuma a wuri biyu almakashin ya shiga cikin gefen hoton. Tun daga ranar nake rubuta musu a takarda cewa kada su yanka, su naɗe shi su ba ni yadda yake, amma ko a makon jiya sai da aka yanka.