Malamar aji huɗu: kishin gari ne ko taurin kai?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga waɗanda rashin data ya hana su karanta babi na bakwai na labarin da ƙanwarmu take kawo mana duk Asabar, ga shi a dunƙule. Malama tana koyar da aji huɗu a firamaren wani ƙauye da ke bakin dajin Rugu. Sau biyu ana kawo mata takardar canjin wurin aiki zuwa birnin Katsina tana ƙi. Ranar Talata da hantsi wata mai tallar fura ta raɗa mata cewa an ga babura a ƙetaren rafi. Hedimasta ya tafi sakatariya tantance ma'aikata. Ba ta jira izinin kowa ba, ta kaɗa ƙarfen da ke rataye a darbejiya, ta tashi makaranta, ta raka yara gidajensu ta bayan gari. Guda tara da iyayensu ke gona ta kulle su a ɗakinta. Da la'asar kuma ta tsaya bakin shagon mai cajin waya, ta ce masa a gaban mutane shi ke kai rahoto daji. Ɗan Masanawa ya ce yana da magana. Bismillah, amma a kiyaye harshe, akwai iyayenmu a ciki.

Ɗan Masanawa: Na gode shugaba. Tun jiya nake ganin ana ta zuba wa Malamar nan kirari, wai zakanya, wai garkuwar gari. Ni dai ban ga jarunta ba, taurin kai na gani wanda Allah ya rufa wa asiri. Mace da goyo na wata bakwai, an ba ta hanyar fita har sau biyu ta ƙi. Ba ta shawara da kowa, ba ta dariya, bulalarta ba ta rabuwa da hannunta. Da baburan nan sun ci karo da ita a hanya da yara arba'in a bayanta, wane suna za mu kira ta da shi yau?

Maman Sadiƙ: Wallahi maganar goyon nan ita ta tsaya mini a rai. Ta bar jaririnta wajen surukarta ta bi 'ya'yan wasu, ko leƙa shi ba ta yi ba sai bayan magariba. Ni uwa ce, ban yarda akwai wadda za ta iya haka ba. So kanka, in ji Hausawa.

'Yar Daura: Yaya, ai ba ki ƙarasa karin maganar ba, kuma ba a nan take aiki ba. Jaririn yana hannun kakarsa a cikin gida. Yaran suna fili, ajin ko ƙyaure babu. Wa ya fi bukatar ta a wannan sa'ar?

Hajiya Babba: Ku yi haƙuri yarana, ni ba na iya rubutu da sauri, jikata ke taya ni. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, fiye da rabinsu a ƙauye. Ɗan Masanawa, kai ka ga bulala, ni kuwa rajista na gani. Ku koma inda aka ce ta tsaya bakin ƙofa tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yatsanta a kan layi, bangon rajistar duk ya cinye an ɗaure shi da zaren buhu. Ba ta saki kowa ba sai da ta san gidan da za ya. Ta san wanda uwarsa ke wankan jego tana gida, ta san wanda ubansa ya tahi gona mai nisa da iyalinsa duka. Tara ɗin nan ba ƙuri'a ta jefa ba. Wanda bai zauna gari ya san shi ciki da bai ba, ba ya iya wannan lissafi cikin minti goma. To in da ta karɓi takardar ta dawo Ƙofar Sauri tana koyarwa, wa za ya yi shi? Batun rashin dariya kuwa, ni ma an ce mini muguwa shekara da shekaru. Waɗanda suka faɗa su ne ke kawo mini buhun gero yanzu.

Ɗan Masanawa: Allah ya ƙara girma Hajiya. Rajista na yarda. Amma izini fa? Kowane malami ya ji raɗar mai fura ya tashi makaranta, ai karatu ya ƙare.

Ɗan Batsari: Malam, daga cikin ganuwa kake magana. Mu da muke gefen nan, da Safana da Ɗanmusa da Jibiya, raɗar mai fura ita ce jaridarmu. A 2021 da aka katse layin waya a ƙananan hukumomin nan, wa za ka kira ka nemi izini? Tuna Ƙanƙara. Daren 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta kwana, aka kora yara daji da ƙafa, sai bayan kwana shida aka samo 344. Gwamnati da kanta rufe makarantun kwana ta yi bayan abin ya faru. Ita Malama ta rufe tata kafin ya faru, rana ɗaya tak. In ƙarya ce raɗar, an yi asarar darasin lissafi. In gaskiya ce fa?

'Yar Daura: Faɗa masa dai. Mu a Daura ba baƙon abu ba ne mace ta tsaya wa gari, tun zamanin Daurama.

Ɗan Masanawa: Daurama da macijin Kusugu ya hana mutanenta ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har sai da baƙo ya zo daga gabas ya kashe mata shi? Ƙanwata nemo wani misalin.

'Yar Daura: Za mu haɗu da sallar Gani, za ka maimaita a gaban rijiyar. To ga wani: jajin Nana Asma'u. Mata ne manya da ake naɗa wa malfa, su taso daga ƙauyukansu su jagoranci 'yan taru zuwa wajenta, su koma su karantar da matan gari. Ba karatu kaɗai suke kaiwa ba, su ake kira in an yi haihuwa ko rasuwa. Malamar labarin nan jaji ce da alli.

Ɗan Batsari: Amma ku tsaya, kada a ɗauka ina bayanta ɗari bisa ɗari. Abin da ta yi wa mai caji ya fi komai tayar mini da hankali, kuma na ga kowa ya tsallake shi. Kalmar infoma a wajenmu ba zagi ba ce, hukunci ce. In aka liƙa wa mutum ita a bakin kasuwa, ba lallai ya kwana a gidansa ba, kuma 'ya'yansa sun shiga uku. Mene ne hujjarta? Wai ta ga baƙin wayoyi guda shida a kan teburinsa, da sabon babur a ƙofar gidansa. Mai caji kuma me za a gani a teburinsa, tumatir? Akwai mai gari, akwai liman, yanzu ga jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2023. Ta kai maganar can a asirce mana.

Hajiya Babba: Nan kam ɗana ka yi gaskiya, ban kare ta ba. Suratul Hujurati ta ce a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a zo ana nadama, ta kuma ce wani sashe na zato zunubi ne. Zuciyar da ta sa ta kaɗa ƙarfe da safe ita ta kai ta bakin shago da yamma. Irin waɗannan mutane haka suke, ba su da birki. Na yi aiki da wata mai irin halin, in ta ƙaunaci yaro har kuɗin makarantarsa take biya daga albashinta, in ta zarge ka kuwa ko da Alƙur'ani ka rantse ba ta saurare.

Ɗan Masanawa: Alhamdu lillahi, an zo inda nake. Kuma akwai abin da ya fi damuna da halinta. Irin wannan labari yana koya mana mu ɗora tsaron gari a kan mace ɗaya mai albashin firamare, mu tafa mata, mu koma barci. Makarantar ba katanga, ba maigadi, hedimasta yana layin tantancewa. Maimakon mu tambayi dalili, muna ta zakanya zakanya.

Maman Sadiƙ: Wannan kuma laifin wa? Ba ita ta hana a yi katangar ba.

Marubuciya: Salamu alaikum iyayena da yayyena, ina ta karantawa ina shiru. Yaya na Masanawa, ban rubuta ta don a so ta ba. Na san tana da kaushi, da gangan na bar mata bulalar. Mai caji kuma ban ce yana da laifi ba, ban ce ba shi da shi ba, Malama ce ta faɗa, ni ba ita ba ce. Abu ɗaya dai na ga ba wanda ya ambata. A babi na uku akwai suna na goma sha bakwai a rajista, yaron da aka ɗauke a hanyar gona shi da wansa tun bara. Hedimasta ya ce ta soke sunan, ta ƙi. Kullum da safe sai ta kira shi, ajin ya yi tsit, ta ɗan jira, sannan ta wuce na sha takwas. Kwana uku bayan ɗauke shi aka kawo mata takardar canjin farko.

Hajiya Babba: Allahu akbar. Na karanta wurin, na ɗauka mantuwa ce kawai. Ashe jira take.

Ɗan Batsari: To shi ya sa ta kasa haƙuri da mai caji ke nan. Bai wanke ta ba, amma na gane.

Ɗan Masanawa: Ni ma zan koma babi na ukun. Sai dai ban janye ba. Jiran yaro ɗaya bai ba ta damar jefa magidanci a bakin kura ba. In babi na takwas ya fito aka ga mutumin nan ba ruwansa, ina so in ga ta je har shagon, a gaban mutanen da suka ji ta, ta nemi gafara. In ta iya wannan, ni da kaina zan yi mata kirarin.

Marubuciya: Yaya, kai ma ka san ba ta iya ba da haƙuri ba. Tun daren jiya nake fama da ita a kan wannan.

Shugaban Zaure: An kira magariba a nan Rafindadi. A dakata haka, sai bayan isha'i ga mai sauran magana.

Maman Sadiƙ: Ƙanwata, kafin ki tashi. Jaririn fa, wa ya ba shi nono duk yinin nan? Ki sa mana shi a babi na takwas.