An rubuta wa mahaifiyata hoton MRI na gwiwa bayan hoton ƙashi: shin ya zama dole?

Ɗan Kusugu, Daura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar lafiya da ke wannan zaure game da mahaifiyata, mai shekara 64, wadda ta kai shekara 6 tana fama da amosanin gaɓɓai a gwiwoyinta biyu, ko da yake ta dama ta fi matsa mata. Tun bara ta koma yin sallah a kan kujera, domin sujada da zaman tahiya sun gagare ta, kuma mun ɗauki haƙuri tunda maganin da ake ba ta yana rage zogin. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne, tun bayan ƙaramar sallah ƙafar dama ta fara lanƙwashe mata ba zato ba tsammani, kamar an zare mata laka, har sau biyu tana faɗuwa a tsakar gida.

Mun kai ta Katsina, an yi hoton ƙashi, likita ya nuna mana yadda ƙasusuwan suka kusa haɗewa ta gefen ciki. Daga nan ya kwantar da ita, ya riƙe cinyar da hannu ɗaya, ya ja ƙwaurin gaba da ɗaya hannun, sannan ya ce yana zargin jijiyar da ke riƙe gwiwar daga ciki ta samu matsala, ya rubuta a yi MRI. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga wahalar hanya ga tsohuwa. Baffana ya ce hoto ai hoto ne, tunda an yi ɗaya ba a bukatar na biyu, gara a kira mai ɗori. Mene ne MRI zai nuna wanda hoton farko bai nuna ba? Kuma sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu, da yake ya fi araha, ba zai wadatar ba?

Mai Ɗaukar Hoto, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ɗaukar hoton marasa lafiya shi ne aikina, saboda haka zan tsaya a kan abin da kowace na'ura ke iya gani.

A Hausa da jijiyar jini, da ta saƙon ƙwaƙwalwa, da wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, duk jijiya muke cewa, kuma ta ƙarshen ce likitan yake nufi. Manyan irinsu guda 4 ne a gwiwa. Biyu suna gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna hana ƙafa karkata dama ko hagu. Sauran biyun suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna, kuma su ne ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya a ƙarƙashin ƙashin cinya. Ta gaban ita ce za ka ga an rubuta ACL a takardar sakamako, ta bayan kuma PCL, kuma jan ƙwaurin da ka ga likita ya yi gwajin ta gaban ne.

Hoton ƙashi ƙashi kawai yake nunawa sarai. Guringuntsi da jijiya ba sa fitowa, sai dai a yi hasashen zaizayewar guringuntsi daga ƙuntatar tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan, shi ya sa ma ya fi kyau a ɗauke shi mutum yana tsaye, nauyinsa na kan ƙafar. Da shi ake auna tsananin amosanin a ma'aunin Kellgren da Lawrence na 1957, daga mataki na 0 zuwa na 4. To amma jijiya ko ta tsinke baki ɗaya, wannan hoton ba zai nuna tsinkewar ba, don haka maganar Baffa cewa hoto hoto ne ba ta yi daidai ba a nan.

Sikanin kuwa yana da amfaninsa na gaske, kuma ban yarda a raina shi ba: yana nuna ruwan da ya taru a gwiwa, da kumburin tantanin gaɓa, da ƙullutun ruwa da ke fitowa a bayan gwiwa, har da jijiyoyin gefe biyun, saboda suna kusa da fata. Sai dai sautin da yake aiki da shi ba ya ratsa ƙashi, su kuma jijiyoyin tsakiya ƙashi ya yi musu rumfa. Wannan ne dalilin da ya sa ake komawa ga MRI, wanda ke aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, ba tururin hasken da hoton ƙashi ke amfani da shi ba, yana kuma yanka gwiwar falle-falle a hoto, ta yadda za a ga jijiya, da guringuntsi, da faifan guringuntsi biyun da ke tsakanin ƙasusuwan, har da kumburin cikin ɓargo. Lafiyayyar jijiya baƙa take fitowa, a miƙe kamar igiyar da aka ɗaure tamau. Wadda ta tsinke kuwa sai a gan ta a yanke, ko a kwance, ko ma a neme ta a rasa.

Idan za ku yi, ku tambayi ƙarfin na'urar. Mai Tesla 1.5 (Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisun) ta fi ƙananan na'urori fitar da hoto tsaf, kuma hoton da bai fito ba asarar kuɗi ce. Yawanci ba a bukatar allurar ruwan hoto don duba jijiya. Wajibi ne ku faɗa musu idan tana da na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki.

Ummu Sadiya, Rafindadi:

Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. An yi mini wannan hoton shekara 2 da suka wuce, kuma abin da ya fi ba ni tsoro kafin in je shi ne labarin cewa ana tura mutum cikin rami. Ashe a hoton gwiwa ƙafa ake fara shigarwa, ni kaina a waje ya tsaya, kuma an gama cikin kusan rabin awa. Ƙarar ce dai mai yawa, amma sun ba ni abin toshe kunne. Ka ce wa Hajiya ta bar 'yan kunne da awarwaro da zobe a gida, ta kuma sa zane da rigar da ba su da zif ko maɓallin ƙarfe.

Abu ɗaya nake so in ja hankalinka a kai: takardar sakamakona ta zo da kalmomi masu firgitarwa, na kwana biyu ban runtsa ba, amma da na kai wa likitan ƙashi sai ya ce yawancinsu aikin shekaru ne, ba su ne ke sa ni ciwo ba, ya tura ni sashen gashin ƙashi. Kada ku karanta takardar ku kaɗai ku yanke hukunci.

Likitar Gashin Ƙashi, Ƙofar Durɓi:

Abin da Ummu Sadiya ta faɗa yana da tushe a bincike. A 2008 an wallafa wani nazari da aka yi a garin Framingham na Amurka, inda aka yi wa mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90 hoton MRI na gwiwa ba tare da la'akari da ko suna ciwo ba, aka tarar cewa kashi 61 cikin 100 na waɗanda faifan guringuntsinsu ya yage ba su ji ciwo ko ƙagewa ba a watan da ya gabata. Haka ita ma jijiyar ACL, a gwiwar da amosani ya daɗe a cikinta takan lalace a hankali, ƙashin da ya tsiro a gefenta yana gogar ta, har ta tsinke ba tare da mutum ya tuna ranar da ya yi targaɗe ba. Wani lokaci ma kumbura take yi ta sauya launi a hoto, mai karatun da bai ƙware ba ya ɗauka tsinkewa ce alhali tana nan tana aiki.

Saboda haka ba kowane mai amosanin gwiwa ne ke bukatar MRI ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin kula da marasa lafiya, a ƙa'idarta ta 2022, ta ce wanda ya kai shekara 45, yana jin ciwon gaɓa idan ya motsa, kuma ƙagewar safe ba ta wuce masa minti 30, ana iya gane ciwonsa ba tare da hoto ba. Amma lamarin Hajiya ya sauya, domin faɗuwa sabuwar alama ce, kuma faɗuwar tsohuwa na iya jawo karayar ƙugu, wadda ta fi ciwon gwiwa muni nesa ba kusa ba.

Lanƙwashewar nan na iya zuwa daga jijiya, ko daga yagaggen guringuntsi da ke maƙalewa, ko kuma, wanda na fi gani a wurin aikina, daga raunin naman gaban cinya, saboda mai ciwo yana rage tafiya, naman kuma yana ramewa. Shawarata, Malam, ka koma ka tambayi likitan cikin ladabi: idan hoton ya nuna jijiyar ta tsinke me za a yi, idan kuma lafiyarta lau me za a yi? Idan yana tunanin tiyatar sauya rabin gwiwa ne, lafiyar ACL na daga cikin abubuwan da ake dubawa kafin a zaɓe ta, don haka hoton zai biya kuɗinsa. Idan kuwa gwiwar duka za a sauya, galibi ana cire wannan jijiyar a lokacin aikin, kuma hoton ƙashi yakan wadatar. Idan ba tiyata a tsarin ko kaɗan, to motsa jiki don ƙarfafa cinya, da ɗaurin gwiwa, da sanda za a ba ta ko da me hoton ya nuna.

Ina roƙonka da ka lallashi Baffa game da mai ɗori, domin nan ba karaya ba ce, kuma ja da murɗa na iya ƙarasa jijiyar da ta riga ta yi rauni. Kafin ku koma, ta riƙe sanda a hannun hagu tunda ƙafar dama ce mai ciwo, a kuma sama mata kujerar bayan gida don ta daina tsuguno.

Ɗan Kusugu, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na tuna likitan ya ambaci yiwuwar tura mu Asibitin Ƙashi na Dala a Kano idan abin ya kai ga aiki, amma a ranar hankalina na kan kuɗin hoton, ban nemi ƙarin bayani ba. Ranar Litinin in Allah ya yarda zan koma da tambayoyin nan a rubuce, kuma zan tafi da Baffa don ya ji da kunnensa. Sandar kuwa a hannun dama take riƙe ta tun da muka saya mata, yanzu zan shiga in gyara mata.