Masu larurar bodalain: rashin tausayi ne ko yawansa?

Ɗalibar jinya, Garwa:
Assalamu alaikum malamai. A darasi an ce masu larurar halayya ta bodalain (mai sa saurin sauyawar yanayin rai da tsananin tsoron rabuwa), wadda likitocinmu ke rubutawa "état limite" da Faransanci, ba sa fahimtar zuciyar mutane. Wani littafin kuma ya ce sun fi kowa saurin gane damuwar mutum. Wanne za mu riƙe? Me kuma za a gaya wa dangin da ke cewa 'yarsu ba ta da tausayi?

Likitan ƙwaƙwalwa, Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Duka biyun da ƙamshin gaskiya, domin tausayi kashi biyu ne: jin raɗaɗin da wani ke ji a jikinki, da gane dalilin da ya sa yake cikin wannan hali. A 2010 wasu masu bincike, Harari da abokan aiki, sun gano cewa na farkon yana da ƙarfi a wajen masu larurar, na biyun ne ke da rauni. A 2009 kuwa wani mai bincike, Fertuck, ya nuna musu hotunan idanu 36, kowanne da kalmomi huɗu a zaɓi ɗaya da ta dace da abin da ke zuciyar mai idon, suka fi masu lafiya dacewa, ko da yake wasu binciken na baya ba su sami wannan fifikon ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Maigida ya dawo daga kasuwa cikin zafin Afrilu, ya amsa sannu da zuwa a taƙaice, bai ɗago kai ba. Matarsa mai larurar ta lura da sauyin nan take, kuma ta lura daidai. Fassarar ce ke kaucewa: maimakon gajiya, sai ta karanta "ya ƙosa da ni, saki ya kusa". Fuskar da ba ta nuna komai ba masu larurar sukan ga fushi a cikinta.

Masaniyar halayya, Njamena:
Haka ne Likita. Masana Bateman da Fonagy sun bayyana cewa basirar karanta zuciyar wani tana rushewa idan tsoron rabuwa ya tashi, ta dawo idan rai ya kwanta. Don haka ba a gardama a tsakiyar tashin hankali. A fara sanyaya jiki: a zuba ruwan randa mai sanyi a kwano, a tsoma fuska, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 30. Bugun zuciya zai ragu. Mai ciwon zuciya kada ya gwada sai da izinin likita. Sai bayan nan a tambaye ta: me idonki ya gani, me zuciyarki ta ƙara, wane dalili ne daban zai iya sa shi yin haka? Waɗannan dabarun daga DBT suke, wato tsarin magani ta hanyar tattaunawa da koyar da dabaru na masaniyar halayya Marsha Linehan.

Dangi su fara da "na ga ranki ya ɓaci" kafin kowane bayani. "Sangarta ce" ko "ba komai ba ne" fetur ne a kan wuta.

Ma'aikacin jinya, Ngaundare:
'Yar'uwa, kada ki yanke hukunci daga fushi guda. DSM-5, littafin da likitoci ke tantance larurorin ƙwaƙwalwa da shi, na neman alamomi biyar cikin tara, masu daɗewa. Babu ƙwayar da aka amince tana warkar da larurar kanta, kuma diyazefam, ƙwayar barcin 'yan tebur, na iya ƙara gaggawar aikata abu ba tunani. Ki tambayi mai larurar kai tsaye, cikin natsuwa, ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ta ce eh, a kwashe maganin feshin auduga da duk ƙwayoyi daga gidan a ranar, a kai ta asibiti tare da wanda ta yarda da shi.