Wa ya ƙirga wa kwalekwalen Dufuna shekara 8,000?

Kawu Na Tasha: Salamu alaikum. Jikata ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin wani kwalekwale da aka tono a Yobe, wai shekararsa 8,000. Na ce mata shaci-faɗi ne. Itace ba ya zuwa da takardar haihuwa. Bature ya dube shi ya yanka masa shekaru, mu kuma muka hau kai muka zauna.

Ɗan Fune: Wa alaikumus salam, Kawu. Kwalekwalen kam gaskiya ne, Dufuna a ƙaramar hukumarmu take. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da shi, wajen mita 5 a ƙasa. Sai 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka fito da shi. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, yanzu yana Damaturu.

Kawu Na Tasha: Ɗana, ban ce babu shi ba. Shekarun nake tambaya.

Malamar Kimiyya: Kawu, ba da ido aka yanka ba, awo aka yi. Duk bishiya mai rai tana shan wani nau'in sinadari daga iska, kabon-14. Ranar da aka sare ta ta daina sha, wanda ke jikinta kuma sai ya riƙa raguwa, rabi duk bayan shekara kamar 5,730. A itacen da ya kai shekara 8,000, abin da za a tarar ya ɗan fi kashi ɗaya cikin uku. Kamar randa ce mai yoyo, in ka san yadda take zubarwa, ragowar ruwan zai gaya maka tun yaushe aka cika ta.

Kawu Na Tasha: To Malama, wa ya zauna shekara 5,730 yana gadin randar?

Malamar Kimiyya: Kawu ka ba ni dariya. Ba sai an zauna ba, saurin raguwar ake aunawa a ɗakin gwaji. Willard Libby, wanda ya fito da dabarar har ya samu kyautar Nobel a 1960, sai da ya jarraba ta a kan katakon kaburburan sarakunan Masar da aka riga aka san zamaninsu. Daga baya aka ƙara daidaita ta da zoben da ke cikin gungumen bishiya, wanda ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kowace shekara da nata.

Baban Walid: Malama, ni ina da ja a wani wurin. Awon nan ranar mutuwar itace yake nunawa, ba ranar da masassaƙi ya sa masa gizago ba.

Malamar Kimiyya: Wannan gaskiyarka ce, Yaya. Amma ko ka cire shekara 200 daga 8,000, me ka rage?

'Yar Kafanchan: Mu a nan matsalar ta wuce haka. Tsofaffin mutum-mutumin da ake tonowa a yankin Nok, nan kudancin Kaduna, na yumɓu ne, ba itace ba, shi ya sa sau da yawa gawayi ko ƙonannen geron da aka samu tare da shi ake aunawa. Kan wani mutum-mutumi da aka kai wa Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, a 1943 daga wajen haƙar kuza ya fito, har an kafa shi a gona yana korar tsuntsaye. Yau kuma masu tonon sata su zare mutum-mutumin su watsar da ƙasar. Sun sayar da kai, sun zubar da shaidar.

Baban Walid: Kuma ko an samu shekarun daidai, awo ba zai faɗi ƙabilar mai kwalekwalen ko harshensa ba. Amma kullum sai ka ji ana cewa "kakanninmu ne".

Ɗan Fune: Yaya, a ƙasarmu dai aka tono shi, ka bar mu da abinmu.

Kawu Na Tasha: Maganar zoben bishiya ta ɗan shiga kaina, don na taɓa ganinsu a gungume wajen masu faskare. Na kabon kuwa, Malama, sai kin zo kin yi wa jikar tawa bayani a gabana, ina ji.